BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Jawabin da wani ɗan kwamitin ƙungiya, mai sana'ar goro a nan Sabon Ibadan, ya gabatar a taron wata-wata, game da 'ya'yanmu mazauna ƙasashen waje masu shirin aure da yawon amarci alhali suna tsakiyar neman takardar zama 'yan ƙasa.



Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, malamanmu da limamanmu, shugaban wannan ƙungiya da mataimakansa, iyayenmu maza, iyayenmu mata da ke zaune can baya, 'yan'uwa 'yan kasuwa, samari da 'yan mata, muna yi muku barka da zuwa. Muna godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, muna kuma gode wa kwamiti da ya ga ya dace mu tsaya a gabanku, alhali akwai waɗanda suka fi mu shekaru da ilmi a wannan zaure.

Mu dai kun san mu. Goro muke saye muke sayarwa, karatunmu kuwa na Islamiyya ne. Dalilin da ya sa aka ce mu yi magana shi ne, wannan abu ya taɓa faɗa wa gidanmu, kuma Hausawa sun ce jiki magayi. Ga shi kuma bana gidaje uku a unguwar nan sun sa ranar biki bayan Babbar Salla, kuma a kowane gida ko dai ango ko amarya na zaune a ƙasar waje, ya miƙa takardunsa na neman zama ɗan ƙasa ko yana dab da miƙawa. Kowannensu kuma yana da burin in an ɗaura aure ya ɗauki abokin zamansa su tafi wata ƙasa yawon amarci, abin nan da yaran zamani ke kira hanimun. Wannan ya ce Umra, wancan ya ce Dubai, wata ta ce Turkiyya. To, jama'a, ba mu zo mu hana kowa jin daɗi ba. Mun zo ne mu ce a duba kalanda kafin a duba tikiti.

MU MA BAƘI NE

Kafin mu shiga maganar Turai da Amurka, bari mu fara da kanmu. Wannan unguwa ta Sabo an kafa ta ne wajen shekarar 1916. Kakanninmu sun zo da shanu sun koma da goro, har zama ya kama su. Yau shekara ɗari da ɗoriya ke nan. An haife mu a nan, mun haifa a nan, mun binne iyayenmu a nan, Yarbanci kuwa wasunmu sun fi masu shi iyawa. Amma duk da haka, ranar da yaro zai shiga jami'a ko zai nemi aikin gwamnati aka ce ya kawo takardar asalin ƙaramar hukuma, sai uba ya sa shi a mota ya nufi Kano ko Katsina ko Sakkwato, garin da yaron bai taɓa kwana bakwai a cikinsa ba. Saboda haka in akwai mutanen da ya kamata su san darajar takardar zama ɗan gari, to mu ne. Yaronmu da ke Amurka ko Ingila abin da yake nema ke nan, wato ranar da ba wanda zai tare shi a bakin ƙofa ya ce masa daga ina.

Akwai kuma dattawanmu da ke ɗari-ɗari, suna ganin kamar yaro ya sayar da ƙasarsa ne. A kwantar da hankali. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 28, bai raba wanda aka haifa ɗan Nijeriya da ƙasarsa don ya karɓi ta wata ƙasa ba. Zai riƙe fasfo biyu, kuma koren fasfonsa na nan daram.

ABIN DA YA FARU A GIDANMU

Ɗan ƙanenmu ne, a hannunmu ya tashi. Yana cikin rukunin ƙarshe na 'yan Nijeriya da suka ci ƙuri'ar bizar Amurka, kafin a cire Nijeriya daga shirin tun daga na shekarar 2015. Ya shiga ƙasar a 2014 da katin zama na dindindin, wanda suke kira girin kad. Ya yi gadi, ya yi tuƙi, ya yi karatun dare. Da shekara biyar ta cika, a ƙarshen 2019, ya cika fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, aka kira shi aka ɗauki zanen yatsunsa, saura a aiko masa da ranar ganawa.

A daidai wannan lokaci mu kuma a nan mun matsa. Yarinya ta gama makaranta, iyayenta sun ce ba za su ci gaba da ajiye ta ba, uwarsa ta ce tana son ta ga aurensa tun tana da rai. Ya roƙe mu a jinkirta wata shida. Muka ce masa kai yaro, takarda ce za ta hana sunna? Ka zo wata ɗaya ka koma. Ya yi mana biyayya. Ya sauka Ikko ranar 10 ga Fabrairu 2020, da niyyar a ɗaura aure, ya tafi Umra da amaryarsa, ya dawo da ita Sabo, ya koma bakin aikinsa a tsakiyar Maris.

An ɗaura aure lafiya. Ana cikin shagali sai ga labari, a ƙarshen Fabrairu Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umra saboda annobar korona. Kuɗin otal da na jirgi suka maƙale. Yaro ya ce to bari ya koma tun da wuri. A nan ne fa muka yi kuskuren da har gobe muke nadama. Muka ce tun da Umra ta faskara, ka ƙara mako biyu ka ci amarcinka a gida, ina laifi? Ranar 23 ga Maris gwamnati ta rufe filayen jiragen sama na ƙasa da ƙasa. Daga baya an shirya jirage na musamman masu kwashe mutane, ya so ya bi, muka ce ina, za ka bar inda ake lafiya ka tafi inda ake mutuwa? Ba a buɗe filayen jirgi ba sai ranar 5 ga Satumba. Kafin ya taka ƙasar Amurka ya yi wata bakwai a waje.

Ya tarar an ba wani aikinsa, mai gida ya sa wani a ɗakinsa, wasiƙar hukuma kuwa ta je tsohon adireshi ta kwana. Da ƙyar lauya ya sa aka sake ba shi rana. Da ya zauna gaban jami'i, tambayar farko ita ce ta tafiye-tafiye. Ba shi da takardar aiki, ba shi da rasidin haya da zai nuna cewa gidansa na nan a Amurka duk tsawon lokacin. Aka ƙi amincewa da buƙatarsa. Lauya ya ce masa sai ya sake ƙirga shekara huɗu da rabi daga ranar da ya dawo. Bai yi rantsuwa ba sai a 2025. Amarya kuwa da muka yi wa gaggawa, ta zauna a ɗakin surukarta fiye da shekara uku tana jiran biza, har ɗansu na fari ya yi wayo yana kiran kawunsa Baba.

Korona daga Allah ne, ba mu da ja. Amma mako biyun nan da muka ƙara masa, wannan daga gare mu ne. Mun faɗi wannan a bainar jama'a ba don daɗin faɗa ba, sai don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

YADDA LISSAFIN YAKE A AMURKA

Tun daga lokacin muka sa yaron ya zaunar da mu ya karanta mana ƙa'idojin dalla-dalla, kuma ga abin da muka riƙe. Abin kamar adashi yake. Kullum kana zubi, kuma zubin shi ne kwanakin da ka kwana a cikin ƙasar. In ka yi fashi mai tsawo, uwar adashi ta mai da kai ƙarshen layi.

Mai katin zama na dindindin sai ya shekara biyar kafin ya cancanta, ko shekara uku in yana auren ɗan ƙasar ko 'yar ƙasar kuma suna zaune tare. An yarda ya miƙa fom kwana 90 kafin wa'adin ya cika. A cikin shekara biyar ɗin nan dole a ce aƙalla wata 30 ƙafarsa na cikin ƙasar, mai shekara uku kuma wata 18. Wannan lissafi ɗaya ke nan.

Lissafi na biyu shi ne na tafiya guda. In mutum ya fita ya wuce wata shida a waje, hukuma za ta ɗauka ya yanke zamansa, sai dai in ya kawo hujja cewa aikinsa na nan, gidansa na nan, iyalinsa na nan. In kuwa ya kai shekara guda, to zaman ya yanke, sai sabon ƙirge. Abin da mutane da yawa ba su gane ba, wanda mu ma ba mu gane ba a lokacin, shi ne wannan sharaɗi ba ya ƙarewa ranar da aka miƙa fom. Yana bin mutum har ranar da ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa. Wato kamar mai azumi ne, don la'asar ta yi ba a ce ya sha ruwa ba.

Ba a hana mai nema tafiya ba, a fahimce mu. Tafiyar mako biyu ko uku ba ta ɓata komai, muddin lissafin watanninsa ya cika. Inda gizo ke saƙa shi ne, tsakanin miƙa fom da rantsuwa akwai kira uku: na ɗaukar zanen yatsu, na ganawa da jarrabawa, da na rantsuwa. Hukuma ce ke sa ranar, ba mai nema ba, kuma ba ta tambayar ranar da surukai suka sa. Wanda bai je ganawa ba kuma bai sanar ba, ana iya rufe fayil ɗinsa. Wanda ya ƙi halartar rantsuwa fiye da sau ɗaya ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ana ɗauka ya fasa. Kuɗin fom kuwa, wanda a 2024 aka mai da shi dala 760, ko 710 ga mai cikawa ta intanet, ba a mayarwa. 'Yan canjinmu na nan zaune, su gaya muku nawa ke nan a naira.

Ita jarrabawar ma tana son natsuwa. Ana gwada Turancin mutum, ana yi masa tambayoyi kan tarihin ƙasar da tsarin mulkinta. A da tambaya 10 ake yi daga cikin 100, a ci 6. Ga waɗanda suka miƙa fom daga watan Oktoba 2025, tambaya 20 ce daga cikin 128, a ci 12. To, angon da ya kwana goma yana karɓar baƙi yana rabon goro, yaushe ya buɗe littafi?

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi shafar masu yawon amarci. Ranar rantsuwa ana karɓe katin zaman nan, domin mutum ya tashi daga baƙo. Kuma dokarsu ta ce ɗan ƙasa da fasfon Amurka zai fita, da shi zai shigo. Fasfon kuwa sai an nema, sai an jira makonni. Saboda haka wanda ya yanki tikitin tafiya kwana uku bayan rantsuwa, yana iya samun kansa ba kati ba fasfo, ga amarya ta ɗaure akwati.

NA INGILA DA KANADA

'Yarmu da ke aikin jinya a Ingila, ita nata lissafin da kwanaki ake yi. A shekara biyar da suka gabaci ranar nema, kada kwanakin da ta yi a waje su wuce 450, kuma a wata 12 na ƙarshe kada su wuce 90. Mai auren ɗan ƙasar shekara uku ake duba masa, kwana 270, amma kwana 90 na shekarar ƙarshe na nan a kan kowa. Har ila yau dole a ce ranar da ta yi daidai da shekara biyar cif kafin ranar nema, mutum yana cikin ƙasar. Ku duba fa: wata guda na biki, mako biyu na Umra, mako biyu na zaga dangi a Arewa, in kuma Allah ya kawo rasuwa a shekarar aka zo gaisuwa, kun ga 90 ta ƙare ba a sani ba. Kuɗin nema a can ya kai fam 1,605 a 2025.

Akwai wani rami kuma da ya kamata a sani. A Ingila takardar izinin zama na dindindin daban, ta zama ɗan ƙasa daban, kuma sai an sami ta farko ake neman ta biyu. Mai jiran amsar zama ɗan ƙasa yana iya tafiya ya dawo. Amma mai jiran amsar izinin zama, in ya fito zuwa Nijeriya ko Saudiyya kafin amsa ta fito, ana ɗauka ya janye buƙatarsa. Saboda haka in yarinya ta ce Baba takarduna na hannun hukuma, kada a ce ai duk takarda takarda ce. A tambaye ta wacce. In an amince kuma, ana ba da wata uku a halarci bikin rantsuwa, sannan a nemi fasfo kafin a yi tafiya.

Kanada kuwa kwana 1,095 take so a cikin shekara biyar, wato shekara uku cur, kuma ɗaya bayan ɗaya ake ƙirgawa.

MAGANAR AURE ITA KANTA

Yanzu bari mu zo inda ya fi nauyi, kuma muna roƙon iyayen 'yan mata su ba mu kunnuwansu.

Na ɗaya, duk abin da ya canza bayan an miƙa fom sai an faɗa. A Amurka, ranar rantsuwa akwai takardar da ake cikawa, tana tambaya: tun bayan ganawa, ka yi aure? Ka yi saki? Ka fita ƙasar? Aure ba laifi ba ne, tafiya ba laifi ba ce, ɓoyewa ita ce laifi. Wanda aka gano ya sami takardar da ƙarya, ana iya ƙwace ta ko bayan shekaru. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a zamanin da hotunan biki ke hawa Facebook tun kafin a watse daga wajen ɗaurin aure.

Na biyu, mu a addininmu an halatta mace fiye da ɗaya, amma dokar Amurka ta sa wannan cikin abubuwan da ke hana mutum zama ɗan ƙasa, kuma fom ɗin na tambaya ƙarara. Ingila ma ba ta ba mace ta biyu bizar aure alhali ta farko na can. To ga inda matsalar take. Yaro ya auri Ba'amurkiya, yana neman takarda ta hanyar shekara ukun nan, sai ya lallaɓo gida a ɗaura masa aure da 'yarmu a ɓoye, wai in takarda ta fito zai saki waccan. Jama'a, wannan taura biyu ce, ba ta taunuwa. In asiri ya tonu ya rasa takarda, 'yarmu kuma ba ta da hanyar bin sa. Ko bai tonu ba, ranar da zai nema mata biza za a ga kwanan watan aurenta ya faɗo cikin lokacin da yake da wata matar. Saboda haka waliyyi ya tambaya tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa: kana da mata a can? Ta wace hanya kake neman takardarka? Wannan ba cin fuska ba ne, binciken aure ne irin wanda iyayenmu ke yi tun fil azal.

Na uku, wani zai ce to a ɗaura da wakili mana, ango na can. A shari'a aure ya ɗauru, malamai na nan. Amma hukumar shige da fice ta Amurka ba ta lissafa auren da aka ɗaura ango da amarya ba sa wuri ɗaya, har sai sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. Saboda haka wakilci na iya kwantar da hankalin iyaye, amma ba ya buɗe wa amarya ƙofar biza shi kaɗai.

Na huɗu, suna. Mu Hausawa mutum ɗaya sai ya zama Muhammadu a takardar makaranta, Mohammed a fasfo, Mamman a katin ɗan ƙasa, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. A nan ba komai, a can kuwa mutum uku ne. A daidaita fasfo da lambar NIN da takardar aure tun kafin biki. Amarya kuma kada a yi mata gaggawar canza suna zuwa na miji a tsakiyar neman biza. Ta zauna da sunan mahaifinta, wanda dama shi muka gada, kuma sunan da ke cikin fasfo shi za a rubuta a tikiti, harafi da harafi.

INA ZA A JE?

Angwaye, ku kuma ga taku. Katin zama na Amurka bai canza launin fasfonka ba. Kafin ka yi rantsuwa, kai ɗan Nijeriya ne a idon Faransa da Italiya, sai ka nemi biza kamar kowa, amarya ma ta nemi tata daga nan. Sau da yawa a ba ɗaya a hana ɗaya, an riga an biya otal.

Masu cewa bari a nema wa amarya bizar ziyara ta zo Amurka a ci amarci a can, su sani mai bizar ziyara sai ya gamsar da jami'i cewa zai dawo gida, kuma matar da mijinta ke zaune can da wuya ta iya. Sai wani ɗan kamasho ya ce ki ce ba ki da aure. Wallahi kada ku yarda. Ƙaryar da aka kama a wajen neman biza tana iya rufe wa mutum ƙofar Amurka har abada, wato saboda mako biyu an sayar da zaman shekara hamsin.

Kuma ƙofar nan ba a buɗe take kullum ba. A farkon 2020 gwamnatin Amurka ta dakatar da ba 'yan Nijeriya bizar ƙaura, aka ɗage a Janairu 2021. A Yuli 2025 aka rage yawancin bizar ziyara ta 'yan Nijeriya zuwa wata uku, shiga ɗaya. A Disamba 2025 aka sake sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da aka ƙuntata wa biza. Ingila kuma a 2024 ta ɗaga albashin da ake so mai ɗauko mata ko miji ya kasance yana samu zuwa fam 29,000 a shekara. Dubai ɗin ma da ake ɗoki, ta rufe wa 'yan Nijeriya biza a 2022, sai a 2024 aka buɗe. Duk wannan me yake nuna mana? Baƙo a kullum yana hannun mai gida. Wanda ya riga ya yi rantsuwa shi ne ba a rufe wa ƙofa. Shi ya sa muke cewa takardar nan ta fi yawon amarci, domin ita ce rumfar da amarya da 'ya'yanta za su fake a ƙarƙashinta.

In kuma lallai sai an ɗan fita an sha iska, ai ƙasa ba ta ƙare ba. Da fasfon Nijeriya ana shiga Gana da Sanagal da Gambiya ba biza har kwana 90. A cikin gida ga Yankari a jihar Bauchi da ruwan ɗuminta na Wikki, ga tsaunin Obudu a Kuros Riba, ga Ikogosi nan kusa da mu a jihar Ekiti, inda ruwan zafi da na sanyi ke haɗuwa. Mu da iyayenku mata, namu yawon amarcin daga ɗakin soro zuwa tsakar gida ne, ga shi kuma yau shekara talatin muna tare. Umra kuwa Ka'aba na nan ba inda za ta. In an je baɗi da fasfo a hannu da kwanciyar hankali, ibadar ma ta fi daɗi.

SHAWARARMU

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka, kuma muna roƙon sakatare ya rubuta.

Da farko, kafin a sa rana, a zauna da yaro ko yarinya, ko ta waya ce, a tambaya: ka miƙa ko ba ka miƙa ba? Wane kira ya rage? Kwana nawa ka yi a waje a shekarun nan? A buɗe fasfo a bi hatimi ɗaya bayan ɗaya a rubuta a littafi, kamar yadda muke rubuta huhun goro, na shiga da na fita.

Na biyu, in abin ya kusa, a jira. Tsarin da ya fi lafiya shi ne rantsuwa, sannan fasfo, sannan tikiti. A yi baiko a riƙe alkawari, wata shida ba ta tsofar da amarya.

Na uku, in jiran ba zai yiwu ba, to a taƙaita. Ya zo mako biyu ko uku, ranar komawa ta zama ranar komawa, ko wa ya roƙa. Ya bar aikinsa da ɗakinsa a raye, ya ɗauki hutu a rubuce, ya biya hayarsa, ya ajiye rasidi. Ya sa amintacce ya riƙa duba masa akwatin wasiƙa, shi ma ya riƙa leƙa shafinsa na hukuma ta waya. In kira ya faɗo cikin kwanakin tafiya, ya rubuta ya nemi a ɗaga tun kafin ranar, ko ya katse tafiyar ya koma. Tikiti da otal kuma a sayi irin wanda ake iya canza wa rana, ko da ya fi tsada. Araha ba ta ado.

Na huɗu, a nemi lauya mai lasisi na ƙasar da abin ya shafa, ba ɗan kamashon bakin titi ba, ba kuma wane ya ce wane ya yi haka ya wuce ba. Dokokin nan suna canzawa, abin da ya yi wa wani aiki shekara uku da suka wuce yana iya kayar da wani bana.

Na biyar, wannan namu ne mu iyaye da surukai. Mu sassauta. In yaro ya ce ba zai iya ƙara kwana ba, ba raini ba ne, ba kuma Turai ce ta ɓata shi ba. Kada a sa shi ya zaɓa tsakanin albarkar uwa da wahalar shekara biyar. Iyayenmu mata, mun san lefe da anko da 'yan rakiya duk an shirya, mun san maganar mutane da zafi. Amma masu maganar nan ranar da amarya za ta zauna shekara uku a ɗaki ba miji, ba za ku ga ko ɗaya daga cikinsu ba.

Muna kuma roƙon ƙungiya ta ware mutum biyu ko uku cikin samarinmu masu ilmin zamani, waɗanda duk gidan da ke da irin wannan biki zai zauna da su a yi lissafin kwanaki kafin a buga katin gayyata. Kakanninmu fatake ba sa tashi daga zango sai madugu ya san inda ruwa yake da inda za a kwana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga ƙarshe muna addu'a Allah ya sanya albarka a aurarrakin da ke tafe, ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke, ya sa su gama da takardunsu lafiya, kada ya sa su manta gida. Allah ya zaunar da unguwarmu lafiya da maƙwabtanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure ko muka taka wani, a yafe mana, don ba da nufi ba ne.